Ray Eames mace ce, ba ƙanin Charles ba

An daɗe ana cewa wasu 'yan'uwa maza biyu, Charles da Ray Eames, su suka zana shahararren Gidan Eames da ke Los Anjeles a Amurka. Kuskuren ba abin mamaki ba ne, don a can maza aka fi kira Ray.

Ray matar Charles ce. Sunanta na yanka Bernice Alexandra Kaiser, an haife ta a 1912, ta karanci zane-zane, suka yi aure a 1941. Zanen gidan na farko Charles ne ya yi shi da wani mai zanen gine-gine, Eero Saarinen, amma da ƙarafan gini suka iso, miji da mata suka sake shi ɗungurungum don kada su ɓata filin ciyawar wurin. Suka tare a ƙarshen 1949. Duba bangon gidan: gilashi cikin ƙarfe baƙi, ga allo ja, ga shuɗi. Ni dai idon mai zane nake gani a nan.

Tantancewa ba wuya: nemi cikakken suna da hoton mutum, kuma ka duba wa aka rubuta a takardun ginin.

Don Allah a tura wa wasu.