Girman daji ba shi ne yawan katako ba

Mutane da yawa sun daɗe suna ɗauka cewa ƙasar da ta fi girman daji ita ce ta fi fitar da katako mai ƙarfi zuwa ƙetare, amma kwatanta Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango da Tailan ya isa ya rushe wannan zato. Kwango ce ke da kaso mafi girma na kurmin Afirka ta Tsakiya, sai dai katakon da take fitarwa bai kai ko kusa da na Tailan ba, alhali Tailan ta haramta sare itatuwa a dazuzzukanta tun 1989.

Sirrin Tailan yana gonakin roba. Idan itacen roba ya kai shekara 25 zuwa 30, ruwansa ya ragu, sai a sare shi, a yanka shi katako, a tura mafi yawansa zuwa Sin. Ita kuwa Kwango, hanya ce ta ɗaure ta: jiragen ruwa ba sa iya bin kogin Kwango tsakanin Kinshasa, babban birnin ƙasar, da Matadi, tashar jiragen ruwan da ake fitar da kaya zuwa ƙetare, saboda duwatsu da gangaren ruwa, don haka dole a sauke gungume a sake loda shi a mota ko jirgin ƙasa. Akasarin itacen da ake sarewa a can ma, a girki da gawayi yake ƙarewa.