Jita-jitar sababbin jihohi da abin da sashe na 8 ya tanada

Saƙon nan ya sake dawowa WhatsApp, har da taswira mai launi-launi da sunayen manyan birane: wai Majalisar Tarayya ta amince da sababbin jihohi, sa hannun shugaban ƙasa kawai ake jira. Wasu na ta murna, wasu kuma hankalinsu ya tashi. Ɗan Azare da ke aikin gwamnati a Bauchi yana tambaya ko za a ce ya tattara nasa ya nasa ya koma gida. Dillalan filaye kuwa sun samu abin ƙara wa fuloti kuɗi.

Asalin maganar daga watan Fabrairun 2025 ne, lokacin da Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya karanta wa zauren jerin buƙatu 31 da kwamitin gyaran kundin tsarin mulki ya karɓa. A ciki akwai Katagum (yankin su Azare) daga Bauchi, Gurara daga Kaduna, Tiga daga Kano, Muri daga Taraba. Buƙatu ne mutane suka rubuto, aka karanta. Daga baya shi da kansa ya ce babu ko ɗaya a cikinsu da ta cika sharuɗɗa. Kai kuɗin na-gani-ina-so daban, ɗaurin aure daban.

Sharuɗɗan suna sashe na 8 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, kuma tun daga na farko ake fara tuntuɓe. Kafin Majalisar Tarayya ta saurari buƙata, sai ta zo da goyon bayan kashi biyu cikin uku na zaɓaɓɓun wakilan yankin da ke neman jihar, a kowane mataki: sanatoci da 'yan Majalisar Wakilai, 'yan majalisar dokokin jiha, da majalisun ƙananan hukumomi. A lura, wakilan yankin aka ce. Ba a nemi sa hannun gwamna ba, ba a nemi na sarki ba, haka nan ƙungiyar ci gaban gari, komai yawan sa hannun da ta tara, ba ta cikin lissafi. Amma a yi lissafin a gani. Yankin da sanata ɗaya ke wakilta, idan ya noƙe, magana ta tsaya. Idan sanatoci biyu ne, ɗaya bai kai kashi biyu cikin uku ba, dole su biyun su yarda. Kansiloli da ciyamomi kuma kowa ya san inda suke karɓo umarni a yawancin jihohinmu. Gwamnan da ba ya son a gutsure masa ƙasa ba sai ya fito ya ce uffan ba.

Idan an tsallake wannan, sai ƙuri'ar raba gardama, inda ake neman amincewar kashi biyu cikin uku na mutanen yankin. A nan rubutun dokar yake da ruɗani. Kashi biyu cikin uku na wa? Na waɗanda suka fito suka jefa ƙuri'a, ko na masu rajista, ko na duk mazauna yankin? Kundin "mutanen yankin" kawai ya ce. Bambancin ba ƙarami ba ne: a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari na masu rajista ba. In aka ce da masu rajista za a auna, babu yankin da zai tsallake cikin sauƙi. Tun 1999 ba a taɓa kaiwa wannan mataki ba, shi ya sa har yau ba a ga yadda za a fassara shi a aikace ba.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Sakamakon ƙuri'ar sai ya samu amincewar mafi rinjayen jihohin ƙasar, wato aƙalla 19 cikin 36, da goyon bayan 'yan majalisun dokokinsu. Ma'ana ɗan majalisa a Ebonyi yana da ta cewa a kan Katagum, na Zamfara yana da ta cewa a kan jihar Ijebu da ake nema daga Ogun. Sannan a dawo Abuja a nemi kashi biyu cikin uku na kowane zaure: sanatoci 73 cikin 109, 'yan Majalisar Wakilai 240 cikin 360.

Me zai sa sauran jihohi su ƙi? Kuɗi da kujeru. Kowace jiha, babba ko ƙarama, sanatoci uku take da su. A kason da jihohi ke samu daga asusun tarayya kuma, kashi 40 cikin ɗari daidai wa daida ake raba shi, don haka duk jihar da aka ƙara, rabon kowa ya ragu. Ga kuma lissafin shiyya: Arewa maso Yamma na da jihohi 7, Kudu maso Gabas 5, sauran shida-shida. Mutanen Kudu maso Gabas sun daɗe suna cewa a fara cike musu giɓi, kuma da wuya wata shiyya ta ɗaga wa wata hannu ba tare da an ba ta tata ba.

Masu cewa ai an yi a baya ba su yi ƙarya ba, sai dai su tuna wa ya yi. Gowon ne ya yanka ƙasar jihohi 12 a 1967, Murtala ya kai su 19 a 1976. Babangida ya ba da Katsina da Akwa Ibom a 1987, ya sake ƙarawa a 1991 inda aka samu irin su Jigawa, Kebbi da Yobe. Abacha ya cike 36 a 1996 da Zamfara, Gombe, Nasarawa da wasu uku a kudu. Duka da dokar soja aka yi, jawabi ɗaya a rediyo, gari ya waye an raba. A mulkin farar hula sau ɗaya tak aka taɓa yi, a 1963, zamanin Tafawa Ɓalewa, da aka cire Yankin Tsakiyar Yamma daga Yankin Yamma bayan ƙuri'ar raba gardama. Babban taron ƙasa na 2014 ma ya ba da shawarar ƙarin jihohi 18, shawarar tana nan a takarda.

Game da tsoron kora: ko da an yi sabuwar jiha, sashe na 41 ya ba kowane ɗan Najeriya damar zama inda ya ga dama, na 43 kuma ya ba shi damar mallakar gida ko fili a ko'ina.

Ni dai a ganina tsaurin nan yana da hujjarsa, ganin yadda jihohi da dama da ake da su yanzu ba za su iya biyan albashi ba sai an aiko daga Abuja. Amma akwai abin da bai yi mini daɗi ba. Sojoji sun raba yadda suka so ba tare da ƙuri'ar raba gardama ba, sannan suka bar mana kundin da ya sa gyara rabon ya kusa gagara. Wanda aka bari a baya a 1996, kuma kukansa na gaskiya ne, mai tafiyar awanni kafin ya kai babban birnin jiharsa don takarda ɗaya, shi aka ɗora wa wannan jan aiki. In ma an ce a sassauta sashe na 8 ɗin, sashe na 9 ya sa masa kariya ta musamman: sai da kashi huɗu cikin biyar na kowane zaure, wato sanatoci 88 da 'yan Majalisar Wakilai 288, tare da amincewar majalisun dokokin jihohi 24.