Mene ne katun, kuma me ya sa manya ke kewarsa?

Katun shi ne fim ɗin da ba mutane ne ke fitowa a cikinsa ba, zane ne aka sa shi motsi da magana. Ana kuma kiran zanen barkwancin jarida da wannan suna, amma in yaro ya ce a kunna masa katun, ba wancan yake nufi ba.

Sirrin abin yaudarar ido ne. A zana hoto, a sake zana wani mai ɗan bambanci da shi, a jera su bi da bi. Fim na gudu da hoto 24 a daƙiƙa ɗaya, sai ido ya ɗauka tafiya ake yi. Masu zanen hannu na da kan yi zane 12 kawai, a haska kowanne sau biyu, don rage wahala. Yanzu kwamfuta ta karɓe yawancin aikin.

Tom and Jerry ya fara fitowa a Amurka a 1940, daga hannun William Hanna da Joseph Barbera. Kusan ba a magana a cikinsa, shi ya sa yaron da bai san ko "zo" da Turanci ba yake tuntsira dariya. Kuma ɗan ɓeran nan da ke wahalar da kyanwa ba baƙo ba ne ga wanda ya tashi da tatsuniyar Gizo: ƙarami ne, amma wayo ya fi ƙarfi.

Voltron kuwa, na 1984, asalinsa daga Japan aka ɗauko. Zakuna biyar na ƙarfe ne, kowanne da matuƙinsa, sai su haɗe su zama ƙato guda mai takobi. Waɗanda suka kalle shi a NTA sun san yadda abin yake a wancan lokacin: tasha ba ta buɗewa sai wajen ƙarfe huɗu na yamma, talabijin ɗaya ce a layi, yara sun cika ɗakin maƙwabci, waɗanda ba su samu wuri ba suna leƙe ta taga, kowa na fatan kada a ɗauke wuta. Gobe a makaranta a yi ta gardamar wane zaki ya fi.

A ganina wannan taron ake kewa fiye da zanen kansa. Wanda ya nemo Voltron a YouTube yau zai tarar kusan kowane kashi labarinsa ɗaya ne: dodo ya zo, zakuna su sha kashi, su haɗe, a zare takobi. A lokacin ba wanda ya taɓa tambayar me ya hana su haɗewa tun farko.