Isar da maganin sankarar hanta ta hanyar bitamin

Isar da magani ta hanyar bitamin dabara ce da masu binciken magunguna ke gwadawa domin maganin sankara ya isa inda ciwon yake ba tare da ya yi wa sauran jiki ɓarna ba. Magani irin doksorubisin, in an ɗura shi a jijiya, yana kashe ƙwayoyin sankara, amma yana zubar da gashi, yana raunana zuciya.

Tushen dabarar shi ne ƙwayoyin sankara suna hayayyafa da sauri, don haka wasunsu suna buƙatar bitamin fiye da lafiyayyun ƙwayoyi, har sukan yawaita mashigar da ke karɓarsa a fatarsu. Sai a ɗaura maganin a jikin bitamin ɗin, ko a naɗe shi cikin wani mitsitsin ƙunshin maiƙo da aka liƙa wa bitamin a bayansa. Ƙwayar takan haɗiye bitamin ɗin tare da abin da ya ɗauko, kamar yadda ake buɗe wa sanannen ɗan aike ƙofa ba a duba kayansa ba. A shekarar 1991 ne Christopher Leamon da Philip Low na Jami'ar Purdue a Amurka suka nuna haka da folik asid, wato bitamin B9, wanda ake bai wa masu ciki a wurin awo. Ana kuma gwada bayotin, wato bitamin B7, da B2 da B12.

Ta fuskar hanta, bitamin A ya fi jan hankali, domin wasu ƙwayoyi masu siffar tauraro da ke cikin hantar su ne ma'ajiyar mafi yawan bitamin A na jiki, kuma su ne ke saƙa tabon da ke ƙangarar da ita, wanda sau da yawa shi ke zuwa kafin sankara. A 2008 masu bincike a Japan sun rage wannan tabo a jikin ɓeraye da maganin da aka naɗe cikin ƙunshin maiƙo da aka liƙa wa bitamin A.

Sai dai galibin aikin yana ɗakin gwaji tukuna. Maganin vintafolide, da aka gina kan folik asid domin sankarar ƙwan mace, an dakatar da babban gwajinsa a 2014 saboda bai cika burin da aka sa masa ba. Shan bitamin barkatai kuwa ba ya maganin sankara.

Abin ya shafi Najeriya sosai. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na 'yan Najeriya da suka balaga suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, ga kuma gubar aflatoksin da ke fitowa a gyaɗa da masara masu fumfuna. Su biyun ne manyan dalilan sankarar hanta a Afirka ta Yamma. Abin takaici, da yawa ba sa isa asibiti sai ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, lokacin da tiyata ba ta yiwuwa. Irin waɗannan marasa lafiya, da hantarsu ba ta jure magani mai ƙarfi, su dabarar za ta fi amfana in ta tabbata a jikin mutane.