Ɗingishi a Bijiman Barbara

Ɗingishi yana cikin manyan dalilan da ke sa a cire bijimi daga aikin barbara tun bai tsufa ba. Shi kansa ba cuta ba ne, alama ce ta ciwo a kofato, gaɓa, ƙashi ko jijiya. A shanu yawancinsa daga kofato yake tasowa, kuma ya fi kama ƙafafun baya, waɗanda su ne ke ɗaukar nauyin bijimi gaba ɗaya idan ya hau saniya.

Abubuwan da ke kawo shi

Wanda aka fi sani shi ne ruɓewar tsakanin kofato, da ƙwayar cutar Fusobacterium necrophorum ke haddasawa idan fatar wurin ta jiƙe da taɓo ko ta yanke. Ƙafar takan kumbura, ta yi ɗoyi, zazzaɓi ya biyo baya. Akwai kuma kumburin naman cikin kofato, wanda yakan samo asali daga yawan ciyar da hatsi: tumbi ya yi tsami, jini ya kasa gudana yadda ya kamata a kofato, daga baya tafin ya yi gyambo. Bijiman da ake ɗura wa abinci don su yi kyan gani ranar sayarwa sun fi faɗawa cikin wannan, wato mai saye yakan biya kuɗin ƙibar da za ta gurgunta masa dabba. Faɗa tsakanin bijimai yakan lalata gwiwa. Murɗaɗɗen kofato da miƙewar ƙafar baya fiye da kima kuwa ana gadonsu.

Illarsa ga haihuwa

Bijimin da ƙafa ke yi wa ciwo ba ya bin garke, ba ya son hawa, in ya hau ma yakan sauko bai gama ba. Saniya kuwa sa'o'i 12 zuwa 18 kawai take tsayawa a hau ta, in aka kuskure sai bayan kamar kwana 21. Tunda bijimi ɗaya yakan riƙe shanu 25 zuwa 30, ciwon ƙafarsa kan jinkirta ɗaukar cikin dukansu. Inda bijimai suke da yawa, babban cikinsu yana iya korar ƙanana daga saniya alhali shi ɗingishi ya hana shi hawanta.

Ɓarnar da ba a gani ta fi wannan daɗewa. Maraina na buƙatar sanyin da ya kai digiri 2 zuwa 6 na ma'aunin Salshiyas ƙasa da zafin jiki kafin su samar da lafiyayyen maniyyi. Bijimi mai ɗingishi yakan yini a kwance, marainan a matse da jikinsa, ga zazzaɓi, sai su ɗumama. Raɗaɗi kuma yana ƙara kotizol a jini, wato sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin wahala, shi kuma ya rage testostiron, sinadarin mazakuta da ake buƙata wajen samar da maniyyi. Sai ƙwayoyin maniyyi su fito da nakasa a kai ko a wutsiya, motsinsu ya ragu. Samuwar sababbi na ɗaukar kimanin kwana 61, saboda haka ƙafa tana iya warkewa sarai, bijimi yana hawa, amma shanu su ƙi ɗaukar ciki har wata biyu ko fiye. A nan makiyayi kan ɗora wa shanun laifi.

Magani da rigakafi

Ruɓewar kofato na jin maganin kashe ƙwayoyin cuta idan an fara da wuri. In aka yi sakaci har ciwon ya shiga gaɓa, da wuya bijimin ya koma aiki. Magungunan kumburi irin su dexamethasone su ma suna rage ingancin maniyyi na ɗan lokaci, don haka likitan dabbobi ne ya kamata ya zaɓi magani. Ana so a gyara kofato, a kula da bushewar makwanci, a kuma gwada lafiyar bijimi da ingancin maniyyinsa kwana 30 zuwa 60 kafin lokacin barbara. A ma'aunin da likitocin Amurka ke bi, sai aƙalla kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin maniyyi sun kasance masu kyakkyawar sura, kashi 30 kuma suna tafiya gaba, kafin a ce ya cancanta. Wanda ɗingishinsa na gado ne, cire shi ake yi daga barbara ko da ya warke.