Waiwaye: Yadda Aka Koyi Tara Ƙwayoyin Halitta a Cikin Jel

Duk wanda ya ga romon ƙafar saniya ya kwana ya kama jikinsa, ya ga haidirojel: abu ne da kusan dukansa ruwa ne, amma zarurrukan da ke cikinsa sun riƙe ruwan bai zuba ba. Irin wannan jel ɗin ne yau masana ke renon ƙwayoyin halittar jiki a ciki don su dunƙule.

Labarin ya faro tun kafin jel ɗin. A 1907 Henry Wilson, a Amurka, ya tace soson teku, wata halitta mai rai da ke zaune cikin teku, ta ƙyallen siliki har ƙwayoyinsa suka rarrabu, sai ga su sun nemi juna sun sake haɗuwa. Ashe ƙwayar halitta ba ta son zaman kaɗaici. Duk da haka an shafe shekaru ana shimfiɗa ƙwayoyin halitta a faranti, inda suke bajewa su rasa halinsu na asali. A 1971 Robert Sutherland da abokan aikinsa a Kanada suka nuna cewa dunƙulen ƙwayoyin sankara ya fi kama da ƙari na gaske, har tsakiyarsa kan mutu saboda iskar oksijin ba ta kai can.

Ta ɓangaren jel kuwa, Otto Wichterle da Drahoslav Lím ne suka gabatar da haidirojel na roba don aikin likita a 1960. A 1980 Franklin Lim da Anthony Sun suka lulluɓe ƙwayoyin da ke samar da insulin, sinadarin da ke rage suga a jini, da jel ɗin ciyawar teku, suka dasa wa ɓeraye masu ciwon suga, sugan ya sauka na ɗan lokaci.

A ganina babban juyin ya zo ne da Matrigel, wani jel da Hynda Kleinman da abokanta suka tato daga sankarar ɓera. Cikinsa ne Toshiro Sato da Hans Clevers, a Holan, suka reni ƙaramin hanji daga ƙwaya guda a 2009. Sai dai abin yana damuna: kwalbar Matrigel ta wannan karo ba ta zama daidai da ta wancan, kuma wa zai yarda a zuba masa abin da ya fito daga sankarar ɓera? Shi ya sa a 2016 ayarin Matthias Lutolf a Suwizalan ya haɗa jel na roba wanda ake iya saita taurinsa, kuma ƙwayoyin hanjin suka yi girma a cikinsa.