Tsohuwar Mage Mai Fama da Taurin Kashi: Me Abinci Mai Ruwa Zai Yi Mata?

Me ya sa taurin kashi ke yawan damun tsofaffin maguna?

Aikin babban hanji shi ne tsotse ruwa daga kashi kafin ya fita. Idan jiki ya yi ƙarancin ruwa, sai hanjin ya tsotse fiye da kima, kashin ya fito a dunƙule, busasshe kamar tsakuwa. Ita mage asalinta dabbar busasshiyar ƙasa ce, ƙishirwa ba ta damunta da wuri. Tsufa kuma yakan zo da ciwon ƙoda, fitsari ya yawaita, jiki ya bushe. Ga ciwon gaɓoɓi da ke sa tsugunno ya yi mata zafi, ta riƙe kashin, shi kuwa yana ƙara tauri a ciki.

To me abincin gwangwani zai canja?

Ruwa ne gaba ɗayan maganar. Busasshen abincin mage ruwansa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, na gwangwani ko na leda kuwa yana kai 75 zuwa 80. Mage mai kilo 4 tana buƙatar kimanin mililita 200 na ruwa a rana, kuma leda uku masu giram 85 sun kusa cika wannan tun kafin ta leƙa kwanon ruwa. A ƙara cokali ɗaya ko biyu na ruwan ɗumi a kowane ci, a dama. A tabbata an rubuta a jikin ledar cewa cikakken abinci ne.

Ta ƙi ci, yaya za a yi?

Kada a sauya mata lokaci guda. A fara da kwata na sabon a gefen wanda ta saba, a riƙa ƙarawa cikin kwana 7 zuwa 10. A ɗan ɗumama shi, domin hancin tsohuwar mage ya yi rauni, ƙamshi ne ke jawo ta. Kada a ce yunwa za ta tilasta mata: magen da ta yi kwana biyu ba ta ci ba, kitse na iya taruwa a hantarta, cutar da ke kisa. Lokacin zafi a ɗauke abin da ta rage bayan awa ɗaya. Wanda aka buɗe a ajiye a firji, kada ya wuce kwana biyu zuwa uku, idan kuma babu tsayayyar wuta gara a sayi ƙananan leda.

Kabewa fa?

Tana taimaka wa wasu. Dafaffiya, ba gishiri ba mai, ƙaramin cokali ɗaya a cikin abinci. Sai dai harza, wato zaren da ke cikin kabewar mai ƙara yawan kashi, ba tare da isasshen ruwa ba tana ƙara toshe hanji. Idan kuma hanjin ya riga ya buɗe ya saki, ba ya iya turawa, ƙara yawan kashi wahala ce kawai. Irin wannan magen abinci mai saurin narkewa take buƙata da magani irin su laktulos, wanda likitan dabbobi zai auna mata. A daina ba ta ƙasusuwa, kuma a riƙa taje gashinta don rage wanda take haɗiyewa.

Yaushe ne abinci kaɗai ba zai isa ba?

Idan ta yi kwana biyu zuwa uku ba kashi, ko tana amai, ko tana kuka in ta tsugunna, a kai ta asibitin dabbobi. Kada a ɗura mata mai ta baki, yana iya sarƙe ta ya shiga huhu. Maganin ɗurawa ta dubura na mutane mai sinadarin fosfet guba ne gare ta. In kuwa muzuru ne ke ta yunƙuri ba abin da ke fitowa, wataƙila mafitsara ce ta toshe, kuma wannan ba ya jiran gobe.